Kiɗan Gimbiri a Bakin Teku: Tafiyata Zuwa Sawira

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Maroko, ɗayan abu uku ne ke kai su: ziyarar Shehu Tijjani a Fas, ko karatu, ko sarin jallabiya da takalma a Kasabalanka. Ni kiɗa ne ya kai ni. Na daɗe ina sauraron kiɗan Ginawa, wato jikokin baƙaƙen fatar da aka kai Maroko tun zamanin bauta, a waya, ina kallon bidiyon bikin da suke yi kowace shekara a garin Sawira, wanda a taswira za ka ga an rubuta Essaouira. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban makaɗi yana aikinsa ya san abin da waya ke ba ka bai kai rabin abin ba. A 2024 aka yi bikin karo na 25, daga 27 zuwa 29 ga Yuni, jim kaɗan bayan Babbar Sallah. Ɗan yayata yana karatu a Rabat, ya iya Faransanci, ya kuma tsinci Larabcin kasuwa irin nasu. Na ce to, ga dama ta samu.

Hanyar ba ta da wuya. Daga Kano na sauka Abuja, daga nan jirgi ya kai mu Kasabalanka. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma gara mutum ya fara nemanta da wuri. 'Yan'uwanmu na Nijar a lokacin fasfo kawai suke nunawa su wuce. A ƙarƙashin filin jirgin saman akwai tashar jirgin ƙasa, ka sauko da jakarka ka shiga, ya kai ka cikin gari. A nan yaron ya tare ni, muka kama jirgin Marrakesh, tafiyar kusan awa uku. Tun a waya ya yi ta nanata mini, “Kawu, ka taho da rigar sanyi mai kauri da hula, inda za mu iska ce ke mulki.” A Marrakesh kuwa zafi ne irin wanda muka sani, har kwalta na sheƙi, rigar sanyin na cikin jaka tana jiran lokacinta.

Layin dogo bai kai Sawira ba, sai a bas, kimanin kilomita 180 zuwa yamma. Tun a tasha za ka gane inda kowa ya nufa. Samari da 'yan mata ne da jakunkunan goyo da tantuna, wani da jita, wani da ƙaramar ganga a hammata, ga tsofaffin Turawa da hulunan rana, ga iyalai da yara. An tsaya shan shayi a Shishawa. Bayan nan ƙasa ta fara sauya kama, itatuwan argan suka bayyana, gajeru masu ƙaya, waɗanda daga ƙwallonsu ake tatsar man da ya yi suna a duniya. A bakin hanya mun ga awaki tsaye a kan rassan wata bishiya, mutane na ɗaukar hoto suna biya. Awakin yankin kan hau argan da kansu don cin 'ya'yanta, amma waɗannan na bakin titi ɗora su ake yi su wuni a rana saboda kuɗin 'yan yawon buɗe ido, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Muna gangarowa daga wani tudu sai ga farin gari a shimfiɗe a bakin Tekun Atilantika, iska mai sanyi ta fara shigowa ta taga.

A tashar Sawira wasu mutane ke tsaye suna kaɗa makullai a hannu. Masu ba da hayar ɗaki ne. A kwanakin biki otal ba ya samuwa sai wanda ya kama tun watanni, don haka iyalai da yawa kan matsa su ba da ɗaki ɗaya ko gidan gaba ɗaya. Mun samu ɗaki a saman wani gida cikin tsohon gari, kusa da ganuwa. Mota ba ta shiga cikin ganuwa, sai masu kura shuɗiya suka tura mana kaya ta lunguna.

Garin ba tsoho ba ne can idan aka kwatanta da Fas ko Marrakesh. Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya sa aka gina shi a shekarun 1760, ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe ya zana masa, shi ya sa manyan titunansa suke miƙe sambal. Yana son tashar ruwa da zai riƙe cinikin Turai a hannunsa. A da Turawa na kiran wurin Mogador, kuma an daɗe ana yi masa laƙabi da tashar jiragen ruwan Timbuktu, domin nan ayarin raƙuma ke sauke gashin jimina da ƙaro da hauren giwa da zinariya. Ayarin nan ba kaya kaɗai suke kawowa ba, har da mutane. Har yau igwogin tagulla na jere a kan ganuwa suna fuskantar teku, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A tashar masunta kwale-kwale ne shuɗɗa birjik, tsuntsayen teku na shawagi suna kuka, ana gasa kifin sardin a kan gawayi a ba ka da burodi da tumatir da albasa. Shi ne abincinmu kusan kullum, don shi ne mai arha kuma shi ne mai daɗi.

Ranar Alhamis da la'asar aka buɗe biki da jerin gwano daga ƙofar Bab Dukkala zuwa dandalin Maulay Hasan. Mun samu wuri a bakin wani shago muka tsaya. Kafin ka ga kowa za ka fara jin ƙarar ƙarfe daga nesa, tana matsowa tana ƙaruwa, har ta cika titin ta hana magana. Sai ga su ƙungiya bayan ƙungiya, kowace da launin rigarta, wasu ja, wasu kore, wasu baƙi da aikin zare. Hulunansu an yi musu ado da wuri, da dogon tuntu a ka, wanda suke juya shi da ɗan motsin wuya yana kewayawa ba tsayawa. Manyan ganguna a rataye a kafaɗa ana dukansu da lanƙwasasshen makaɗi ɗaya da siririyar sanda ɗaya. Wani saurayi ya yi tsalle sama ya naɗe ƙafafu ya diro a tsugune, bai saki kiɗan da ke hannunsa ba. Mata a saman benaye suna rangaɗa guɗa. Ban san lokacin da na fara tafi ba.

Washegari da hantsi na ce wa yaron ina son ganin kayan kiɗan a kusa, a hannuna. Muka bi lungun masassaƙa, inda ƙamshin wani itace da suke kira tuya ya cika ko'ina, har muka samu wani dattijo a ɗan ƙaramin shago yana ɗaure wa gimbiri, wato molon Ginawa, tsirkiya. Ya miƙo mini ɗaya. Gungumen ice ne aka fafe shi dogo, aka rufe da fatar wuyan raƙumi. Sanda mulmulalliya ta shiga ta ƙarƙashin fatar ta fito ta wata 'yar kafa a ƙasa, inda aka ɗaure tsirkiya uku na hanjin akuya. A sama ba kusoshi ba ne ke riƙe su, tsinken fata ne aka naɗe a jikin sandar, ka tura shi sama ko ƙasa ka daidaita murya. A ƙarshen sandar akwai falle na ƙarfe mai ƙananan zobba da ke karkarwa duk sanda aka taɓa tsirkiya. Wanda ya tashi yana ganin molo da garaya ba ya bukatar a yi masa bayani. Ƙira ɗaya ce, sai dai wannan ya fi girma, muryarsa ta fi zurfi. Su kuma ƙarafan da suke kira ƙaraƙib, biyu-biyu a kowane hannu, 'yan'uwan sambani ne da tsofaffin mata ke kaɗawa a ƙasar Hausa.

Dattijon ya tambayi yaron daga ina muke. Ya ce Najeriya. Ya sake tambaya, wane iri a Najeriya? Da ya ji an ce Hausa sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya kama hannuna da hannu biyu. Yaron ya fassara mini: “Kawu, cewa yake ku ne muke kira a cikin waƙa tun muna yara, yau ga ɗaya ya shigo shagona da ƙafarsa.” Ya aika aka kawo shayi na na'ana'a. Ya ɗauki gimbirin ya aza a cinya, ya ja tsirkiya da ɗan yatsa yana kuma dukan fatar da sauran yatsun a lokaci guda, ganga da molo a hannu ɗaya. A cikin ɗakin da bai wuce taku uku ba, sautin ya shiga mini ta ƙirji kafin ya kai kunne. Wannan ne abin da lasifikar waya ba ta taɓa ba ni ba.

Maganar dattijon ba fadanci ba ce. Ginawa zuriyar baƙaƙen fata ne da aka ƙetaro da su hamada, akasari a matsayin bayi, cikin ɗaruruwan shekaru. An kwaso da yawa bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta karya daular Songhai a 1591, sannan Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya tara baƙaƙe ya kafa babbar runduna da su. Harsunansu sun ɓace a bakin jikoki, yau Larabcin Maroko da Berbanci suke yi. Amma a cikin waƙoƙinsu sunayen asali sun tsira: suna kiran Bambara, suna kiran Fulani, suna kiran Hausa, suna kiran ƙasar Sudan, suna ba da labarin rabuwa da uwa da uba. Sun ɗauki Sayyidina Bilal, ladanin Manzon Allah (SAW), a matsayin kakansu na ruhi, kuma zawiyarsu da ke Sawira sunansa take ɗauke da shi. Su da kansu suna cewa ƙarar ƙaraƙib tana tuna musu da sarƙar da aka ɗaure kakanninsu da ita. A da mutanen gari kallon mabarata da bokaye suke yi musu. Bikin nan da aka fara a 1998, wanda wata mata mai suna Neila Tazi ke jagoranta, yana cikin abin da ya sauya wannan kallo, har a Disambar 2019 UNESCO ta sa al'adar Ginawa cikin gadon ɗan Adam.

Babban dandamali yana dandalin Maulay Hasan, tsakanin ganuwa da tashar masunta, teku na gefenka. Kallo kyauta ne, amma an ja shinge a gaba an ware wa masu tikiti mai tsada. Wannan shingen ya tsaya mini a rai. Mutanen garin da suka san kowace waƙa, waɗanda kiɗan na kakanninsu ne, su ne a baya suna ɗaga wuya, baƙi masu kuɗi kuwa suna gaba, wasu ma hira suke yi da junansu. Na san biki ba ya yiwuwa sai da kuɗi, amma da a ce ni ke da iko da na rage faɗin wurin nan. Mu dai a baya muka tsaya, kuma can ne wasan yake.

Na yi sallar magariba a masallacin da ke kusa, kafin in fito dandali ya cika ba masaka tsinke. A daren buɗewa an haɗa ma'allam Hasan Busu (ma'allam shi ne uban kiɗa a wurin Ginawa) da makaɗa daga Kwadebuwa da Sifaniya da kuma ƙungiyar Ilê Aiyê ta birnin Salvador a jihar Bahia ta Brazil. Da gangunan Brazil suka shigo suka hau kan ƙaraƙib, na tuna Bahia ce ƙasar da bayi Hausawa suka yi yunƙurin tawaye a 1807 da 1814. Waɗansu an bi da su ta hamada, waɗansu ta teku, ga jikokin ɓangarorin biyu a dandamali ɗaya suna neman bugun juna. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba iskar teku ce ta tayar da ita ba.

Abin da ya fi kama ni a daren nan da dararen da suka biyo baya shi ne taron kansa. Kiɗan Ginawa kira da amshi ne. Ma'allam ya jefa baiti, 'yan amshinsa da ke jere da ƙaraƙib su karɓa. To a Sawira 'yan amshin ba su bakwai ko takwas ɗin da ke kan dandamali kaɗai ba ne, dubban mutanen da ke tsaye ne. Yaran da ba su wuce shekara ashirin ba, da wandon jins da askin zamani, sun haddace waƙoƙin da aka gada tun zamanin bauta. Ma'allam na taɓa tsirkiya sau biyu sun gane wace ce, sai ihu. Tafinsu ma ba na kara zube ba ne, wasu na bugun farko, wasu na cike tsakani, ya zama kiɗa a kan kiɗa. Kowace waƙa tana farawa a hankali, da nauyi, da salati da ambaton waliyyai, sannan ta riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, sai ka ga dandali gaba ɗaya yana tsalle. Wani saurayi da ke gefena ya ga ba na iya bin baitin, sai ya riƙa faɗa mini amshin a kunne kafin ya zo, yana cewa “Ya ɗan'uwa, yanzu!” Ban san sunansa ba, bai san nawa ba, mun yi awa biyu kafaɗa da kafaɗa.

A daren da Hamid al-Kasri ya hau dandamali na ga abin da ake nufi da murya. Mutumin arewacin ƙasar ne, haifaffen Kasar al-Kabir, kuma idan ya buɗe baki ba ya bukatar ya yi ƙaraji. Yana tsaye da gimbiri a rataye, da kyar yake motsi, amma da ɗaga gira yake juya 'yan amshinsa, da juyin wuyan hannu yake sauya gudun kiɗan.

Ba duk abin da aka yi ne ya gamsar da ni ba. Alamar bikin ita ce haɗa ma'allam da baƙin makaɗa na jaz da sauransu, kuma abin yana da asali, don tun a shekarun 1960 mai kaɗa fiyano ɗan Amurka Randy Weston ya zauna a Tanja yana wasa da Ginawa. Idan baƙon mai kunne ne, ya san ya shigo gidan mutane, haɗin yana yin kyau ƙwarai. Amma na ga inda gangunan Turawa da jita mai lantarki suka danne gimbiri har ba ka jin sa, ma'allam ya koma ɗan rakiya a gidansa. A irin wannan lokacin mutanen baya sukan yi tsit suna jira, sai baƙin sun ja baya an bar gimbiri da ƙaraƙib su kaɗai, sannan ihu ya dawo. Wanda zai je kuma ya sani: cunkoso ne sosai, wayarka ta zauna a aljihun gaba, kuma akwai kusurwoyin da hayaƙin wiwi ke tashi, sai ka matsa.

Ainihin abin da na je nema ban same shi a babban dandali ba. Bayan sha biyun dare, idan an tashi daga can, akwai ƙananan zama da ake yi a wurare irin su Dar Suwiri da zawiyoyin cikin gari, da tikiti, mutum ɗari ko ɗari biyu. Mun samu shiga ɗaya. Tsakar gida ce mai ginshiƙai, an shimfiɗa darduma, kowa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ma'allam na zaune ya jingina da bango, yaransa a jere hagu da dama. A gabansa kasko ne na garwashi, ya zuba jawi, ya ɗaga gimbirin ya kewaya da shi a cikin hayaƙin, wanda ke ɗumama fatar ya kuma zama buɗe zama. Nisan da ke tsakanina da shi bai wuce taku biyar ba. Ina ganin kantar da ke yatsansa, ina jin numfashinsa kafin ya ɗauki baiti, ina jin ƙarar zobban nan a ƙarshen kowace tsirkiya. Ya yi kusan minti goma shi kaɗai, ba waƙa, ba ƙaraƙib, yana zagaya jimla ɗaya yana sauya mata wurin nauyi. Ba wanda ya ɗaga waya. Da yaran suka shigo da ƙarafansu gaba ɗaya, sai da na ji bangon da na jingina da shi yana amsawa.

Wannan zaman ɗanɗano ne na abin da suke kira lila, wato daren da Ginawa ke yi a gidaje, daga bayan isha'i har asuba, don neman waraka ga wanda suke ganin iskoki sun taɓa. Akwai mace mai jagorantar sha'anin, akwai yanka, akwai turare kala-kala, kuma waƙoƙin a jere suke bisa launi bakwai: shuɗi na Sidi Musa da ruwa, ja na Sidi Hammu, rawaya ta Lalla Mira, da sauransu. Sashen farko na nishaɗi ne da tuna asali, a nan ake kiran sunayen ƙabilu. Bahaushe na jin wannan bayani zai ce ai bori ne, kuma kamannin ba ɓoyayye ba ne. Ko a wannan zama na tikiti, da aka kai wata waƙa, wata mata ta miƙe ta zo gaban ma'allam ta sunkuya tana jujjuya kai, wata ta yafa mata mayafi ta riƙe ta ta baya don kada ta faɗi. Ma'allam ya zuba mata ido yana ƙara sauri daidai da motsinta, har ta durƙushe, aka yayyafa mata ruwan furen lemo aka janye ta gefe. Ni a aƙidata ba na neman waraka a wurin iskoki, kuma a Maroko ma akwai malamai da yawa da ke sukar wannan ɓangaren. Amma ƙin yarda da abin da ake nufi da kiɗa bai sa na kasa ganin gwanintar mai kiɗan ba, bai kuma goge tarihin da ke cikin waƙar ba.

Muna komawa masauki wajen ƙarfe uku, iska na kaɗa mu a lungu, yaron ya ce, “Kawu, me ya sa mu ba mu da irin wannan?” Tambayar da ni ma nake ta juyawa ke nan. Babban ma'allamin Sawira, Mahmud Giniya, ya rasu a watan Agustan 2015. A bikin shekarar, yana fama da ciwo, ya miƙa wa ɗansa Husam gimbirinsa a kan dandamali a gaban jama'a, kuma yau Husam ma'allam ne da ake kira ƙasashe. A watan Yunin shekarar ne mu ma muka rasa Ɗanmaraya Jos. Kuntiginsa ya kai shi ƙasashen duniya, amma wane dandali muka tanada inda yaro mai kuntigi ko kukuma ko garaya zai hau, dubban tsaransa su amsa masa? A wurinmu makaɗin gargajiya sai a gidan biki ko fadar sarki ko taron siyasa, yana bin mai liƙi da kirari. Ba laifinsa ba ne, a nan abincinsa yake. Sai dai a Sawira na ga makaɗi yana wasa don taron gaba ɗaya, ba wanda ya hau ya manna masa kuɗi a goshi ya katse waƙa don a ambaci sunansa. Nijar ta fi mu ƙoƙari ta wannan fanni, tana da gasar Ɗan Gurmu, tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai inda aka adana kayan kiɗan gargajiya. Mu kuwa yaron da ya ɗauki garaya sai an tambaye shi ko ɗan bori ne. Ginawa ma an yi musu wannan kallo, har ma da ƙarin tabon bauta. Yau har mata sun shiga, irin su Asma Hamzawi ta Kasabalanka, wadda ta koya a wurin mahaifinta take kuma jagorantar ƙungiyar mata zalla.

Ranar Lahadi garin ya fara watsewa. Bas duk sun cika tun kwanaki, sai muka shiga tasi ta haɗaka mai ɗaukar mutum shida zuwa Marrakesh. Kafin mu tashi na koma wurin dattijon nan na sayi ƙaraƙib da ƙaramin gimbiri, ya naɗe mini shi da tsohon bargo, ya ce in kiyaye shi daga damshi, in fatar ta saki in shanya ta a rana kaɗan.

Da na dawo gida na kai shi wurin wani tsohon mai garaya da na sani a wani ƙauye arewa da Kano, wanda ke yi wa mafarauta kiɗa. Na kunna masa abin da na ɗauka a babban dandali, ya kasa kunne har ya ƙare, ya ce in maimaita. A karo na biyu ya jawo garayarsa ya bi kiɗan, bai yi tuntuɓe ba. Sannan ya karɓi gimbirin ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya leƙa ta kafar ƙasa ya ga yadda aka ɗaure tsirkiyar.

“Alhaji, wannan fatar mece ce?”

“Ta wuyan raƙumi ce, Baba.”

“Shi ya sa muryarsa ta faɗa ƙasa haka. Mu da fatar gada muke rufewa.” Ya yi shiru yana auna tsawon icen da tafin hannu. “Akwai gungumen maɗaci a bayan gida da ya kai wannan sau biyu. In za a samo mini fatar, zan fafe shi in ji abin da zai ce.”

A mayankar Kano ana yanka raƙuma, samun fatar ba zai yi wuya ba. Na riga na yi magana da wani mahauci ya ajiye mana wuya guda ba tare da ya tsaga shi ba, kuma ranar Juma'a mai zuwa zan ɗauko Baba mu je ya zaɓa da kansa.